Ƙirga hotuna a dosiye: dir, PowerShell, find ko Python, wanne za ka kama?

Ƙanena yana da ɗan shagon hoto a Bukoki, nan Yamai. Aikinsa biki da suna, sai hoton katin shaida idan kasuwa ta yi sanyi. Masu biki yana yi musu kuɗi ne bisa yawan hotunan da ya zuba musu a kile (filashin USB), don haka ƙirga a wurinsa ba wasa ba ce, jika ce ke shiga ko ta fita. Wata Asabar bayan la'asar ya kira ni a waya.

"Yaya, don Allah zo ka raba ni da injin nan. Sau uku na ƙirga, lamba uku ya ba ni."

Na farko ya buɗe dosiyen ne ya zaɓi komai ya karanta lambar da ke ƙasan taga. Na biyu wani abokinsa mai sibar (shagon intanet) ya rubuta masa layi ɗaya na umarnin dir. Na uku wani ɗalibin jami'a da ke zama fadarsu ya soka kilen a kwamfutarsa mai Linux, wani tsarin kwamfuta da ba Windows ba, ya buga masa ƴan layukan yaren kwamfuta na Python. Da na zauna na duba, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya tambaya aka ba shi. Na farko ya haɗa da bidiyo. Na biyu bai ga hotunan da sunansu ya ƙare da .jpeg ba. Na uku ya tsallake duk hotunan babbar kamara, domin ita .JPG take rubutawa da manyan baƙaƙe, Linux kuwa ba ya ɗaukar babban baƙi da ƙarami a matsayin abu guda.

Dosiye nake cewa kamar yadda muke faɗi a nan, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira folda. Ɗan guntun da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, irin su .pdf da .jpg, ni wutsiya nake ce masa.

Kafin a zo ga wanne ya fi wanne sauri, sai an san inda lokacin ke tafiya. Dosiye kamar littafin rajista yake: jerin sunaye, kowane suna da ɗan bayani a gefensa. Karanta jerin ba shi da tsada, domin tsarin kwamfuta yana miƙo sunayen ne da yawa a tashi ɗaya. Abin da ke cin lokaci shi ne komawa a kan kowane suna a sake tambaya: wannan fayil ne ko dosiye, girmansa nawa, yaushe aka taɓa shi. A ce akwai fayil 100,000, ka ga tambaya 100,000 ke nan a kan karatun farko. A kan diski na SSD ba za ka ji jiki sosai ba. A kan tsohon kile, ko dosiyen da ke wata kwamfuta ta hanyar rezo (hanyar sadarwar kwamfutoci) a buro, kowace tambaya tafiya ce da dawowa, har shayi ya kai na uku ba a gama ba. Duk hanyoyin da ke ƙasa, bambancin saurinsu kusan a nan yake: wa ke wadatuwa da jerin, wa ke komawa ƙofa-ƙofa.

Mu fara da Windows tunda shi ke kan yawancin injinan shaguna. A baƙar tagar cmd, inda ake buga wa Windows umarni, ana rubuta:

```
dir /b /a-d "E:\Biki\*.jpg" | find /c /v ""
```

Ma'anar /b a fitar da sunaye zalla, /a-d a bar dosiyoyi, sai find ya ƙirga layuka. In ka ƙara /s zai shiga ƙananan dosiyoyin da ke ciki. Ba a girka komai, kuma yana da sauri ƙwarai, ba ya kuma damuwa da babban baƙi ko ƙarami. Ga mai kilabiyen (allon bugun rubutu) Faransanci, sandar nan ta tsaye (|) tana kan AltGr da 6, karkatacciyar (\) kuma AltGr da 8. Na sha ganin mutum ya bar aikin gaba ɗaya don ya rasa inda suke.

Amma dir yana da wani tarko da ya gada tun zamanin DOS, tsohon tsarin da ya riga Windows. A da sunan fayil ba ya wuce baƙi 8, wutsiya kuma baƙi 3. Da dogayen sunaye suka zo, Windows ya ci gaba da ajiye gajeren suna a ɓoye a gefen dogon, kuma idan yana nema duka biyun yake dubawa. Fayil mai wutsiyar .docx gajeren sunansa da .DOC yake ƙarewa. Saboda haka in ka ce a ƙirga *.doc, sai ya haɗo maka da .docx, in ka ce *.xls, ya haɗo da .xlsx. Kowane kile ko diski da tsarin ajiyar da aka shirya shi da shi: a kile mai tsarin FAT32 gajerun sunayen nan kullum suna nan, a exFAT babu su, a NTFS kuma ya danganta da yadda aka saita diskin. Wato umarni ɗaya, fayiloli iri ɗaya, amma lamba na iya canzawa daga wannan kile zuwa wancan.  Ga sakatariyar da aka ce ta faɗi tsofaffin takardun .doc nawa suka rage ba a mayar da su sabon tsari ba, wannan hanyar ba ta yi ba.

PowerShell, ɗaya tagar umarnin Windows, ya fi kyan gani, ya kuma fi nauyi:

```
(Get-ChildItem -LiteralPath "E:\Biki" -Filter *.jpg -File | Measure-Object).Count
```

Nauyinsa ya zo ne daga cewa kowane fayil sai ya gina masa cikakken bayani, suna da girma da kwanan wata, alhali kai lamba kawai kake so. Ana rage wannan da -Filter, domin shi tun a wurin karanta dosiyen yake tacewa, saɓanin -Include da ke bari a kwaso komai sannan a zubar da wanda ba a so. Sai dai -Filter tsari ɗaya kawai yake karɓa, ba za ka ba shi .jpg da .png a lokaci guda ba. Ɓoyayyun fayiloli kuma ba ya ganinsu sai ka ƙara -Force. Ni ina kama PowerShell ne idan bayan ƙirga akwai wani abu, misali jimillar girman hotunan don a san ko za su shiga kilen mai biki, ko hotunan da aka ɗauka a rana kaza. A nan nauyin ya biya kuɗinsa. Don lamba zalla, ɗaukar jaki ne a kai alhali ga hanya.

A Linux da Mac, abin da hannu ke fara bugawa shi ne `ls *.jpg | wc -l`. Wato ls ya jero sunaye, wc -l ya ƙirga layuka. Ga dosiye mai hoto ɗari ba laifi. Matsalar ita ce tauraron nan (*) ba ls ke fassara shi ba, taminal, wato tagar umarnin, ita ce ke fara jero duk sunayen ta miƙa masa a layi guda, layin kuma yana da iyaka, a yawancin Linux wajen megabait 2. Dosiye ya cika, sai a ce maka jerin ya yi tsawo, aiki ya tsaya. Ko bai tsaya ba, ana ɓata lokaci wajen jera sunayen bi da bi, abin da mai ƙirga ba ya buƙata. Idan kuma akwai dosiyen da aka raɗa wa suna da .jpg a ƙarshe, ls zai shiga ciki ya ƙirgo abin da ba a aike shi ba. Wanda ya dace shi ne find na Linux da Mac, wanda ba ɗaya ba ne da find ɗin Windows na can sama:

```
find /media/kile/Biki -maxdepth 1 -type f -iname "*.jpg" | wc -l
```

Ga -iname nan, shi ne maganin abin da ya kayar da ɗalibin fadarsu ƙanena, domin ba ya bambanta .JPG da .jpg. Cire -maxdepth 1 zai sa ya gangara har ƙasan ƙananan dosiyoyi. Alamun zancen da ke kewaye da tauraron wajibi ne, in ka manta su taminal za ta riga find fassara shi. Sunaye suna zubowa ne ɗaya bayan ɗaya kamar ruwan famfo, ba a tara su a ƙwaƙwalwa, don haka ko fayil miliyan ne ba ya shaƙewa. A ganina, in dai lamba kawai ake so kuma injin Linux ne, zance ya ƙare a nan. Wanda ba shi da kwamfuta sai waya ma yana iya yi: a girka Termux, manhajar taminal, a Android, a buga termux-setup-storage a ba shi izini, sai find ya yi aiki yadda yake. Tun daga Android 11 kayan WhatsApp suna ƙarƙashin Android/media/com.whatsapp, saƙonnin murya kuma wutsiyarsu .opus. Wanda ke cikin zaurukan dangi uku ko huɗu ya gwada ƙirga nasa, zai gane inda wurin ajiyar wayarsa ya tafi.

Akwai wani sabon shiga mai suna fd da matasa ke yabo, kuma lallai yana gudu, domin yana raba aikin gida-gida ya yi su tare. Sai dai a yadda ya zo yana tsallake ɓoyayyun fayiloli da duk abin da aka rubuta a .gitignore, fayil ɗin da masu rubuta manhaja ke jera abin da suke so a yi watsi da shi. Ga mai neman abu alheri ne, ga mai ƙirga kuwa sai a yi hattara.

Python ne wurin da zaɓin ya fi yawa, kuma nan ne aka fi yin gardama. Hanya huɗu ake yawan gani.

Tsohuwar ita ce os.listdir, wadda ke dawo da sunaye zalla, sannan a bi kowanne da os.path.isfile don a tabbatar fayil ne. Wannan isfile ɗin shi ne komawa ƙofa-ƙofar da na faɗa. Amma a yi wa listdir adalci: ita kanta ba ta da nawa. In ka tace da wutsiya kawai ba ka tambayi komai ba, gudunta ɗaya da kowa. Abin da ka rasa shi ne tabbacin cewa ba ka ƙirga dosiye a matsayin hoto ba, kuma duk sunayen sai sun zauna a ƙwaƙwalwa lokaci guda.

Ta biyu glob, wadda ta fi kowa gajarta: `len(glob.glob("E:/Biki/*.jpg"))`. Gajartar ce ke jan mutane, ni ma na daɗe a kanta. Amma tana da halaye uku da ya kamata a sani. A Windows ba ta bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, a Linux tana bambantawa, don haka rubutu ɗaya na ba da amsa biyu. Ba ta ƙirga sunan da ya fara da ɗigo, sai a Python 3.11 aka ƙara mata include_hidden. Na ukun shi ya fi ciwo: idan sunan dosiyenka yana da baka mai kusurwa, kamar Biki [2024], glob za ta ɗauka tsarin nema ne, ta dawo maka da sifili ba tare da ko tari ba. Maganinsa glob.escape. Wannan cutar ce ta sa na rubuta -LiteralPath a PowerShell can sama, domin -Path ma haka yake yi.

Ta uku pathlib, da ta shigo a Python 3.4 a 2014. Tana da daɗin karatu, `Path(d).glob("*.jpg")` ko rglob don shiga ciki, kuma tun 3.12 kana iya gaya mata case_sensitive=False. Ita ba ta tsallake sunaye masu ɗigo a gaba kamar glob, wanda ke nufin ƴan gida ɗaya ma ba su yarda da juna ba. Kuɗin da ake biya shi ne kowane fayil sai an ɗinka masa rigar Path, irin nauyin PowerShell. A cikin babbar manhaja da za a riƙa gyarawa shekara da shekaru, ina yarda da wannan kuɗin. A dosiye mai fayil dubu ɗari biyar, a'a.

Ta huɗu ita ce tawa. os.scandir ta shigo a Python 3.5, a watan Satumba na 2015, bisa shawarar da Ben Hoyt ya rubuta mai lamba PEP 471. Dabarar mai sauƙi ce. Lokacin da tsarin ke miƙo jerin sunaye, dama yana haɗowa da bayanin ko abu fayil ne ko dosiye. Listdir zubar da bayanin take yi, scandir kuma ta riƙe. A Windows har girma da kwanan wata suna zuwa kyauta, a Linux nau'in ne kawai, girma sai an sake tambaya. Da aka mayar da os.walk kan scandir, sanarwar fitowar 3.5 ta ce saurinsa ya ninka sau 3 zuwa 5 a tsarin irin su Linux, sau 7 zuwa 20 a Windows. Ga yadda nake rubuta ta:

```
import os

def kirga(dosiye, wutsiya):
    adadi = 0
    with os.scandir(dosiye) as jeri:
        for abu in jeri:
            if abu.name.lower().endswith(wutsiya) and abu.is_file():
                adadi += 1
    return adadi

print(kirga("E:/Biki", (".jpg", ".jpeg")))
```

Layi ya fi na glob yawa, amma duba abin da aka samu. Kalmar lower ta kashe rigimar manyan baƙaƙe a kowane inji. endswith tana karɓar wutsiya fiye da ɗaya. Ba ruwanta da gajeren sunan DOS, ba ruwanta da baka mai kusurwa. An fara duba suna kafin is_file da gangan, don ko a tsarin diskin da ba ya miƙo nau'i kyauta, waɗanda suka tsallake tacewar farko kaɗai za a tambaya. Amsar da ta bayar a Windows ita za ta bayar a Linux da Termux, kuma a wurina wannan ya fi saurin muhimmanci.

In ana son shiga ƙananan dosiyoyi, os.walk ya wadatar, tunda shi ma scandir ke ƙarƙashinsa. Abu ɗaya nake ƙi a halinsa: dosiyen da ya kasa buɗewa, saboda izini ko lalacewar kile, wucewa yake yi shiru. Lambarka ta ragu ba ka sani ba. A ba shi onerror=print don ya riƙa faɗa. Nan find ya fi shi gaskiya, shi yana kuka a fili.

Wasu ƴan abubuwa biyu da ke kayar da masu Windows na Faransanci. Abin da kake gani an rubuta Utilisateurs, Bureau da Téléchargements ado ne kawai. Ainihin sunayensu Users, Desktop da Downloads, su za ka ba Python. Kuma in ka rubuta "C:\Users" haka kai tsaye, Python zai ƙi tun kafin ya fara, domin \U yana da wata ma'ana a wurinsa. Juya sandar ta zama / kamar yadda na yi a sama, Windows yana karɓa.

Duk wannan a kan wutsiya muke dogaro, wutsiya kuwa suna ce kawai, kowa na iya canza ta. Kilen da ya taɓa shiga Mac yakan dawo da ƴan fayiloli masu farawa da ._ , kowane hoto da inuwarsa mai wutsiya iri ɗaya, sai lamba ta ninka. Word yana barin ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ muddin takarda na buɗe, in kuran (wutar lantarki) ya tafi kuma sai fayil ɗin ya zauna nan. Ga kuma cutar kilen nan da duk mai shiga sibar ya sani, wadda ke ɓoye dosiyoyi ta bar gajerun hanyoyi masu .lnk a madadinsu. Wanda ke son tabbaci na gaske sai ya buɗe kowane fayil ya karanta bakinsa: PDF da %PDF- yake farawa, JPEG da FF D8 FF, .docx kuwa ZIP ne a ciki, da PK yake farawa. Umarnin file a Linux aikinsa ke nan. Wannan ita ce hanya mafi gaskiya kuma mafi nawa, domin yanzu ba ƙofa kaɗai ake ƙwanƙwasawa ba, ɗaki ake shiga. Ba na ba da shawararta sai ga fayilolin da aka ceto daga lalataccen kati, ko waɗanda jama'a ke turowa ta intanet inda ba a yarda da sunan da suka zo da shi ba. Wanda ya saba da imghdr ta Python, mai gane nau'in hoto, don wannan aikin ya sani an cire ta a Python 3.13.

Idan kuma ƙirgar ta kullum ce a kan diski guda mai girma, a daina zagayawa gaba ɗaya. Manhajar Everything a Windows tana karanta babban rajistan NTFS kai tsaye ta ajiye, ka rubuta ext:jpg lamba ta fito nan take. Kile mai FAT32 sai ka ƙara shi da hannu. A Linux `locate -c` yana yin kusan haka, sai dai amsarsa ta lokacin da updatedb, mai sabunta masa jerin, ya zagaya ce, hoton da ka zuba ɗazu ba ya ciki.

Mai son gwada saurin da kansa ya kula da abu guda. Zagaye na farko diski ake karantawa, na biyu daga ƙwaƙwalwa ake ɗaukowa. Duk hanyar da ka gwada daga baya za ta yi kamar ta ci tsere, alhali ta tarar an share mata hanya ne. A zare kilen a mayar kafin kowane gwaji, ko a maimaita kowanne sau da yawa a jefar da na farko. A dosiye mai hoto dubu biyu ko uku, irin na biki, bambancin duka bai kai ƙiftawar ido ba, sauri ya haifi nawa ne kawai idan lambar ta fito ba daidai ba.

To wanne za ka kama? Mai Linux ko Termux da ke son lamba sau ɗaya, find da -iname. Mai Windows da ba ya son girka komai, dir, muddin ba .doc ko .xls yake ƙirgawa ba. Mai son girma da kwanan wata tare da lamba, PowerShell. Duk wanda zai sa ƙirgar cikin manhaja, ko zai yi wa mutum kuɗi da ita, scandir.

Ƙanena kuwa ban ba shi ko ɗaya daga ciki yadda suke ba. Na ɗan sauya tambayar: maimakon a ce hoto nawa ne, a ce me da me ke cikin dosiyen.

```
import os
from collections import Counter

lissafi = Counter()
for tushe, _, fayiloli in os.walk("E:/Biki", onerror=print):
    for suna in fayiloli:
        lissafi[os.path.splitext(suna)[1].lower()] += 1

for wutsiya, adadi in lissafi.most_common():
    print(wutsiya, adadi)
```

Zagaye ɗaya ne, lokacinsa ɗaya da ƙirga nau'i guda, amma yana fito da kowace wutsiya da adadinta. Da muka buga a kilen bikin, sai ga .jpg, ga .jpeg na wayar yaronsa, ga .mp4, ga kuma wani layi da bai zata ba: .nef, ɗanyen hoton kamarar Nikon, adadinsa daidai da na hotunan babbar kamara. Ashe kamarar tana ajiye kowane hoto sau biyu, shi kuma yana kwashe duka ya zuba wa masu biki, waɗanda wayoyinsu ba lallai su iya buɗe shi ba.

"Yaya, shi ya sa kile ke cika tun ban gama ba?"

Na ce shi ne. Ya jawo kujera, ya fara ware su zuwa diskinsa.